A Mayar da Sunana Layin Aiki, Ko da a Ƙarƙashin Mudi Ne

Zuwa ga Baba Alhaji Garba, shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Arewa mazauna Doha.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa irin ta ɗa ga ubansa, ina fatan kana lafiya tare da iyali, kuma gwiwar nan da ke hana ka zaman tahiya ta yi sauƙi. Ni ne Sabi'u na Gumel, direban bas ɗin da ke kai masu gadi aiki West Bay. Ni ne wanda ranar Juma'ar da ta wuce ka miƙe a falonka na Al Gharrafa, falo cike da jama'a, ka ce an cire sunansa daga layin aiki. Da a kunne ka faɗa mini, da a kunne zan ba ka amsa. Tunda a gaban mutane aka yi, shi ya sa na sa wannan takarda a zaurenmu na waya, kowa ya karanta.

Saboda baƙin da suka shigo kwanan nan, bari in fayyace. Al'adarmu a ƙungiya ita ce duk wanda aikinsa ya kusa ƙarewa a rubuta sunansa a layi, kuma duk ɗan ƙungiyar da ke neman ma'aikaci ba ya ɗauka da kansa, sai shugaba ya ba shi wanda ke sama. Ni ne a sama. Kwangilar kamfaninmu ta ƙare, an ba mu takarda, kuma yau saura kwana arba'in da ɗaya iƙamata, wato takardar izinin zamana, ta mutu. In ban sami sabon kafil, wato mai ɗaukata aiki ya tsaya mini, kafin nan ba, jirgi zan hau da akwati ɗaya bayan shekara bakwai. Aiki ɗaya tak ya fito a watan nan, shi ne direban Alhaji Mudassir. Ka tsallake ni ka ba Kabiru, wanda wata takwas kawai ya yi a garin nan, wanda in wayarsa ta mutu a shataletale sai ya yi ta zagayawa har mai ya ƙare.

Ga bayanina.

Na farko. Wanda yanzu ake kira Alhaji Mudassir, ni Mudi na sani. Gidanmu da nasu katanga ɗaya ce. Makarantar allo ɗaya muka yi, kuma ni Malam yake sawa in biya masa karatu. Na sauke, shi ko izu biyar bai haɗa ba ya ajiye allo ya bi kawunsa kasuwar riɗi. Ranar saukata shi ya riƙe mini takalmi. Allah da ikonsa, riɗin nan da soɓorodo da yake lodawa a kwantena suka mayar da shi abin da ya zama. Ni kuwa karatuna ya kawo ni Doha ina jan bas. Ban ce Allah ya yi kuskure ba, astagfirullah. Amma ranka ya daɗe, ka taɓa buɗe wa mutum ƙofar mota alhali kai ka koya masa Tabbat yada?

Na biyu. A wajen walimar da aka yi masa a Juma'ar nan ka ce Alhaji Mudassir yaro ne mai ƙoƙari, ya bi hanyar samun katin zama na dindindin shi kaɗai har Allah ya cika masa. Kalmar nan "shi kaɗai" ita ta fi yi mini ciwo, fiye da cire sunan. Ina tsaye a bayanka riƙe da farantin shinkafa lokacin da ka faɗe ta. To bari in lissafa yadda aka bi hanyar, sai a gani ko shi kaɗai ne.

Ya sauka garin nan da niyyar sayen gida, don an gaya masa wanda ya zuba jari a gida yana samun zama ba tare da kafil ba, in kuma gidan ya kai wani adadi mafi girma yana iya neman na dindindin. Adadin ba zan rubuta shi ba, don kada masu hawan jini a zauren nan su kama ni da laifi na biyu. Dillalin takardun da ya ɗauka, mai ofis a hawa na ashirin da wani abu, ya ba mu gahawa da dabino ya ce wata biyu, khalas, wato an gama. Na ce mu don ni na kai shi. Aikina na asuba ne da na yamma, tsakiyar rana tawa ce, ita na ba Mudi gaba ɗaya don zumunci.

Abin da ya fara cin lokaci shi ne gidan. Ba ko'ina baƙo ke iya saye ba, unguwanni ne ƙayyadaddu. Mudi ya ga wani gida mai fili a nan Al Gharrafa ya ce shi yake so, wai zai ɗaure rago a baya. Ni na gaya masa ba a sayar wa irinmu nan. Mun yi sati biyar muna hawa da sauka a lif kafin ya yarda da wani a bakin ruwa, hawa na talatin da ɗaya, inda ya kasa matsawa kusa da taga sai da na riƙe masa hannu.

Sai banki. Su ba ruwansu da babbar rigarka, so suke su san daga ina kuɗin ya fito. Mutumin da ya saba ciniki da baki da musafaha, aka ce ya kawo takardar kowace kwantena. Wannan ya ci wata ɗaya da rabi. Sai rajistar gidan da sunansa. Sai takardar shaidar ɗa'a daga 'yan sandan gida, wadda sai an buga mata hatimi a can, an sake bugawa a ofishin jakadanci, sannan a nan a kai wa tafinta mai lasisi ya mayar da ita Larabci. Sai gwajin jini da hoton ƙirji, sai ɗangwalen yatsu. A kowace taga ni ne bakinsa. Mudi in aka yi masa Larabci murmushi yake yi yana cewa na'am, ko da tambayarsa aka yi ko yana da tarin fuka.

Akwai abu ɗaya da nake so a rubuta a ajiye. Takardar 'yan sandan nan tana da wa'adi, mutuwa take yi. Mudi ya taho da ita tun daga gida, banki kuma ya cinye mata kwanaki. Wata rana ina zaune a mota ina jiransa, na ɗauki fayil ɗin ina dubawa don rage lokaci, sai na ga saura mata kwana goma sha tara, ga shi ko rajistar gidan ba a gama ba. Dillali mai gahawa bai lura ba. Mudi bai lura ba. Ni na sa aka fara neman wata daga gida tun kafin waccan ta mutu. Da ba haka ba da fayil ɗin ya dawo, a sake komawa layin hatimi daga farko.

Wata biyun dillali ya zama wata biyar kafin zama na farko ya fito, wanda babu kafil a cikinsa. Daga nan aka shigar da neman na dindindin, aka ce akwai kwamiti da ke dubawa, kuma ba wanda zai ce maka ga ranar. Muka shiga jira. Wata tara aka yi. Wannan na Mudi ne da na gani da idona, na wani yana iya fin haka ko ya gaza. A cikin wata taran nan Mudi ya rame. Kowace ƙarar waya sai ya zabura. Ko saƙon talla ya shigo da Larabci sai ya miƙo mini ya ce karanta, karanta.

Na uku, shi ne laifina, kuma ba zan rage masa komai ba. A wata na bakwai na jiran, wata Talata, mun tsaya sallar la'asar ya ba ni wayarsa ya shiga alwala. Na shiga wajen sunaye, na goge Sabi'u, na rubuta sunan ofishin dillalin a kan lambata. Ni da shi ba ma rubuta wa juna saƙo, kira muke yi, don haka babu abin da zai tona ni. Ina so a lura da wannan, domin na ji wasu na cewa na kwaikwayi hukuma. Wallahi ban taɓa sunan hukuma ba. Ina da tsokana amma ina da hankali. Sunan dillali na sa.

Bayan salla muka tafi Corniche, bakin teku, muka sayi shayin karak, muka zauna muna kallon jiragen katako. Na sa hannu a aljihu na tura saƙon da na riga na rubuta da Larabci, cewa mabruk, kati ya fito, a zo gobe a karɓa. Wayarsa ta yi ƙara. Ya duba ya ga sunan ofis. Ranka ya daɗe, ni ya miƙo wa ya ce in karanta masa. Na karanta masa saƙona da bakina, har ina gyara murya.

Niyyata minti biyar ce. In bar shi ya yi tsalle, in yi dariya, in nuna masa wayata, ya bi ni da gudu ya jefe ni da takalmi kamar yadda muka saba tun muna yara. Amma Mudi bai yi tsalle ba. Ajiye kofin ya yi, ya juya alƙibla, ya faɗi sujada a kan ciyawa, masu motsa jiki suna kauce masa. Da ya ɗago hawaye ne a gemunsa. Kafin in buɗe baki ya kira mahaifiyarsa, Hajiya Yalwa, a Gumel. Ina jin guɗarta daga inda nake zaune. Nan bakina ya mutu.

Na yi shiru a Corniche. Na yi shiru a mota. Na sauke shi na tafi ɗaukar masu gadi ban ce komai ba. Washegari ya sa farar shadda ya tafi ofishin dillali karɓar katin da babu shi. Kafin ya gane abin da ya faru, Hajiya ta riga ta soya waina ta raba sadaka, maƙwabta sun shigo barka, har da mahaifiyata a cikinsu.

Na sha cewa tsoro ne ya rufe mini baki, kuma akwai tsoron. Amma tunda na ce ba zan rage ba, to ba tsoro kaɗai ba ne. Lokacin da yake sujadar nan, akwai wani ɓangare na zuciyata da ya ji sanyi cewa yau ɗaya dai ni ne na san gaskiya shi bai sani ba, yau ɗaya abin da yake jira a aljihuna yake. Hassada ce, Baba. Na san sunanta, na karanta ta a allo, na san abin da aka ce tana yi wa ayyukan mutum. Sanin bai hana ta kama ni ba.

Na huɗu. Ina so ka san inda ta samo asali, ba don a wanke ni ba. A ofisoshin nan da na yi ta kai Mudi, na tambaya wa kaina. Na ce ni fa, mai shekara bakwai, ba tara ko ɗaya a lasisina, ta ina zan bi? Aka ce mini wanda ba a nan aka haife shi ba, hanyarsa ita ce ya shekara ashirin yana zaune bisa ƙa'ida, ya kasance yana da samu mai kauri, ba shi da laifi, kuma yana jin Larabci. Na yi dariya har ma'aikacin ya ɗago kai. Larabcin ne kaɗai nake da shi. Mudi kuma shi ne kaɗai abin da ba shi da shi, ga shi ƙofarsa daban ce, ba ta tambayar shekara ashirin. Ban ga laifin masu ƙasa ba, ƙasarsu ce, dokarsu ce, kuma sun ba mu wurin neman abinci. Amma ka auna yadda mutum zai ji. Duk shekara in iƙamata ta kusa ƙarewa sai in riƙa kallon fuskar manaja ina karanta ko ya tashi da fushi. Shi kuwa a shekara ɗaya da 'yan watanni ya wuce wannan har abada, da bakina, da ƙafafuna, da idona da ya ga wa'adin takarda. In na bi ta bakin ruwa da bas ina ɗaga kai in ƙirga hawa talatin da ɗaya. Na san tagar. Labulenta ma ni na zaɓa.

Na biyar. Hukuncin da ka yanke ya fi laifin. Ka ce wanda ya yi wasa da waya ba za a ba shi makullin mota ba. To a tambayi masu gadi arba'in da nake ɗauka kullum ko na taɓa makara, ko na taɓa wasa da sitiyari. Eh, na taɓa sa wa Isiyaku gishiri a shayi, na taɓa gaya wa sabbin zuwa cewa sai an cire takalmi kafin a shiga lif. Waɗannan na yi su, kuma kai ma ka yi dariyar ta lif, na gan ka. Amma wata goma sha huɗu fasfo ɗin Mudi da takardun gidansa da na bankinsa suna kwana a jakata, ko kusurwa ɗaya ba ta lanƙwashe ba. In amana ake magana, wannan ita ce amanar. Katin gaskiya ya fito bayan sati bakwai, bai rasa komai ba. Ni kuwa in aka bar hukuncin nan, zamana ne gaba ɗaya zai tafi, da karatun ƙanwata Rabi da ke makarantar koyon jinya, wanda daga bas ɗin nan yake fitowa.

Na shida. Wadda na fi cuta ba Mudi ba ne, Hajiya Yalwa ce, don ita ta sha kunyar maƙwabta. Na kira ta tun a satin. Ta bar ni ina ta magana ni kaɗai har na gaji, sannan ta ce ai ta san za a rina, wanda ya sa wa ɗanta ƙadangare a jakar allo ba zai shiryu don ya hau jirgi ba. Ta ce wainar da ta raba sadaka ce, ba ta ɓata ba, amma in karanta wa ɗanta Yasin kullum har katin ya fito. Na karanta, ranka ya daɗe, sati bakwai ban tsallake rana ba. Kwanakin farko da ƙyar take fita, kamar ina haɗiyar magani. Daga baya ta riƙa fita da kanta. Ban ce Yasin ɗina ce ta fito da katin ba, amma ba ita ta hana shi ba.

Shi kuma Mudi, a wajen walima da ka tsallake sunana, bai ce komai ba, ƙasa ya kalla. Na san dalili. Sabon shiga ne a ƙungiya, ba zai musa wa shugaba a falonsa ba, kuma ya ce mini al'adar layi ta fi ƙarfinsa. Amma akwai abin da ba ka sani ba. Har yau bai mayar da sunana a wayarsa ba. In na kira shi sunan ofishin dillali ne ke fitowa, sai ya ɗauka ya ce ofis, yau kuma me ya fito? Mutumin da ya yanke zumunci ba ya haka. Ka karɓi wayar ka duba da kanka.

Saboda haka ina roƙon abu uku.

Ɗaya, a mayar da sunana inda yake a layi. Kabiru ba shi da laifi, kuma iƙamarsa tana da sauran watanni, zai iya jiran na gaba. Ni canjin kafil kansa yana cin kwanaki, in aka wuce sati biyu ba a fara ba, ko an yafe mini daga baya yafiyar za ta same ni a filin jirgi.

Biyu, Juma'a mai zuwa ka tambayi Alhaji Mudassir a gaban kowa ko yana so na. In ya ce a'a, na yarda, ba zan sake rubuta komai ba, zan je in sayi igiyar ɗaure akwati. In ya ce eh, to kada a fi shi fushi a kan abin da shi aka yi wa. Ni kuma a wurin zan miƙe in ba shi haƙuri a gaban mutanen da aka faɗi laifina a gabansu.

Uku, ƙungiya ta ba ni dama in zauna da duk wanda ya zo da niyyar irin wannan hanya, in gaya masa wace takarda ake fara nema, wacce ke mutuwa da wuri, da kuma cewa in dillali ya ce wata biyu ya sha gahawarsa kawai ya yi godiya. Tunda ni ba zan taɓa bin ƙofar ba, aƙalla sanin da na yi mata ya amfani wani.

Ka lura da abin da nake roƙo, Baba. Roƙo nake a bar ni in zama direban yaron da ya riƙe mini takalmi, sunansa ya hau kan katina a matsayin kafil, in riƙa buɗe masa ƙofa ina cewa Alhaji a gaban baƙi. Ba zan yi maka ƙarya in ce hassadar ta tafi ba. Tana nan, jiya ma na ƙirga benen. Amma na gwada ta na ga abin da ta saya mini, kuma na fi son in zauna a Doha ina yaƙi da ita a gaban motar Mudi da in koma Gumel da ita a akwati.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon yin adalci tsakanin mai hawa talatin da ɗaya da mai gado na sama a ɗakin mutum shida. Allah ya sanya wa Mudi albarka a katinsa da gidansa. Wannan addu'ar na rubuta ta na goge sau biyu kafin na bar ta, amma na bar ta, kuma da gaske nake.

Wassalam.

Ɗanka,
Sabi'u na Gumel, direban bas,
wanda kwana arba'in da ɗaya suka rage masa.